Ɗigon Baƙin Mai a Kwanar Gada

Da hantsi aka tsinci Auta a ƙarƙashin kwanar gada, babur ɗinsa kwance a gefe guda, shi ma a gefe guda. Wani direban motar yashi ne ya fara ganinsa. Kafin a ɗauke gawar labari ya riga ya zaga gari: tayar baya jiƙe take sharkaf da baƙin mai, kuma kowa ya san jiya da yamma Auta ya yi wa babur ɗin juyen mai a garejin Bakanike. Nan take aka yanke hukunci. An bar notin ƙasan injin a kwance, mai ya tsiyaye a kan taya, taya ta kwashe yaro a kwana. Wasu suka ce sakaci ne. Wasu suka ce ina, da gangan ne, sa Bakanike aka yi.

Abokan aikin Auta, masu kai saƙo a kan babur, suka yi wa garejin tsinke. Da Sufeton 'yan sanda bai iso da wuri ba, da gawa biyu za a kwasa ranar. Ya fizge Bakanike daga hannunsu baki a fashe, ya kulle shi a ofis don tsaron ransa, sannan ya aika a kira masa Mai-Sawu.

Mai-Sawu dattijo ne, aikinsa bin sawun ɓarayi da dabbobin da aka sace da mutanen da suka ɓace. Ya san Auta tun yana zanin goyo. Uban yaron, tsohon direban babbar mota da kowa ke kira Baba Direba, amininsa ne. Benci ɗaya suke zama kowace yamma. Da ɗan aiken ya gaya masa, ya tsaya ya jira ya ji wani abu ya motsa a ƙirjinsa, bai ji ba. Tun rasuwar matarsa bara zuciyarsa ta zama kamar ƙafar da aka daɗe da tanƙwashewa, ko an tsunkule ta ba ta ji. Ya sa takalmansa ya fita.

*

A kwanar gada ya tarar da Sufeto yana korar masu kallo.

"Sun tattake maka wurin, Baba," in ji Sufeto. "Ka yi haƙuri."

"Gefe suka tattake, Yallaɓai. Kwalta ba su taɓa ta ba."

Ya tsuguna. Babu sawun wata mota da ta matse yaron, babu alamar taka birki. Baƙin layi ne kawai ya ja daga tsakiyar kwanar ya yi waje, inda tayar baya ta saki ƙasa. Ya shafa layin da yatsa, ya murza, ya shinshina. Mai ne, sabo, ko baƙi bai gama yi ba.

Ya miƙe ya bi hanyar da baya, ya nufi gari, kansa a sunkuye. Kusa da kwanar ɗigon man manya ne, a jere kusa da juna. Da ya yi gaba sai suka fara ƙanƙancewa, tazararsu ta ƙaru. A kan hawan da ke bayan masana'antar bulo sai ya yi tafiya mai tsawo kafin ya ga guda. A gindin hawan suka ɗauke ɗif. Ya shiga gari, ya bi titin da Auta ke bi kullum har kusa da layinsu, bai ƙara ganin ko ɗaya ba.

Ya juyo ya bi hanyar gareji zuwa gidan su Auta, wadda yaron ya bi jiya bayan juye. Nan ma babu.

Sufeto, da ke biye da shi a mota a hankali, ya leƙo.

"Me ƙasa ta ce?"

"Ta ce man bai fara zuba ba sai da babur ya ɗauki zafi, ya hau tudu."

"To, notin a hanya ya kwance ke nan."

"Wataƙila," in ji Mai-Sawu. "Ina so in ga mutumin da ka kulle."

*

Bakanike na zaune a ƙasan ɗakin tsaro, ido ɗaya a kumbure, rigar aikinsa a yage har cibiya. Magidanci ne mai ƙaramin jiki, hannuwansa baƙi ƙirin. Da ya ga Mai-Sawu sai ya yi ƙoƙarin miƙewa.

"Zauna. Gaya mini yadda ka yi juyen."

"Wallahi Baba, yadda nake yi wa kowa." Maganar na fita da ƙyar saboda leɓensa. "Ya zo injin da ɗuminsa. Na kafe babur a ƙafar tsakiya, ya tsaya sak. Na kwance notin ƙasa, tsohon man ya tsiyaye tas. Na mayar da noti, na ɗaure da sifana. Na zuba sabo."

"Nawa ka zuba?"

"Gora ɗaya ya sayo, ita injin ke ci. Na tayar, ya ɗan yi aiki, na kashe, na bari man ya kwanta. Sannan na zaro geji, na goge, na tsoma, na duba."

Geji shi ne ɗan tsinken da ke manne da murfin zuba mai, mai layi biyu a jikinsa, na sama da na ƙasa. Mai-Sawu ya san wannan, duk da bai taɓa mallakar babur ba.

"A ina man ya tsaya?"

"Tsakanin layi da layi, ya fi kusa da na sama. Shi kansa Auta ya karɓa ya duba. Har yana tsokanata, wai yau dai na yi abin kirki, a rubuta a bango. Yaron nan ɗiyata yake ɗauka zuwa asibiti duk lokacin da ciwonta ya tashi. Me zai sa in kashe shi?"

"Ana cewa sa ka aka yi."

"Wa?"

"Gajere, abokin aikin Auta."

Bakanike ya yi wata 'yar dariya da ta sa shi dafe baki.

"Gajere ko iskar taya ba a wurina yake sha ba."

*

An kai Auta makwancinsa da rana. Mai-Sawu ya tsaya cikin jama'a, ya yi abin da kowa ya yi, ya riƙe hannun Baba Direba, ya faɗi abin da ake faɗa. Tsohon ya dogara da sandarsa, idanunsa a bushe. Babban ɗansa, wanda ƙannensa da duk layin ke kira Yaya, shi ne ke kai da kawowa, jijiyar wuyansa a miƙe.

"Kawu, kada ka wahalar da kanka," ya ce wa Mai-Sawu. "Mun san su. Ɗaya ya kwance, ɗaya ya sa a kwance."

Da la'asar Mai-Sawu ya je inda masu kai saƙo ke jiran aiki, ƙarƙashin rumfar wani shagon da aka rufe. Gajere na zaune shi kaɗai a ƙarshen benci, sauran sun ja jiki sun bar masa fili. Sunan na tsokana ne, don duk ya fi su tsawo. Takalmansa duk baƙin mai.

"An ce kun yi faɗa da Auta shekaranjiya."

"Mun yi, Kawu."

"A kan me?"

"Ya sha gabana a layi, na zagi mahaifiyarsa. Na manta ta rasu. Ya mare ni, na ce sai na ga bayansa. Kowa ya ji, ba zan musa ba."

"An kuma ce an gan ka a ƙofar gidansu yau da sassafe."

Gajere ya sunkuyar da kai.

"Haƙuri na je ba shi. Innata ce ta ce kada in ƙara sa ƙafa a ɗakinta sai na je. Na ƙwanƙwasa, matarsa ta ce yana wanka. Na ɗan tsaya, sai kunya ta kama ni, na tafi. Na ce in mun haɗu a nan sai in faɗa masa."

"Ka shiga inda babur yake?"

"Ban wuce bakin ƙofa ba."

"Wa ka gani?"

"Ba kowa. Baba Direba ne kawai ya fito ta lungun gefe, na gaishe shi, ya amsa, ya shige ciki."

"Wannan man na takalminka fa?"

Wani daga can ƙarshen bencin ya yi tsaki. "Babur ɗinsa ne ke fitsarin kwance, Kawu. Tun da muka san shi haka yake."

Mai-Sawu ya je ya duba babur ɗin Gajere. Gaskiya ne, yoyo yake ta gefen injin, kuma man tsoho ne, baƙi kamar kwalta, ba irin na kwanar gada ba. Ya ɗaga ƙafar Gajere ya dubi ƙasan takalmin, ya haddace zanensa, ya sake shi.

*

Washegari da safe ya koma ofishin 'yan sanda. An jingine babur ɗin Auta a bango, kansa a murɗe, tanki a lotse, fitila a fashe. Injin kuwa ko ƙwarzane babu. Mai-Sawu ya kwanta a ƙasa ya leƙa. Notin na nan. Ya sa yatsu ya gwada, ko gezau. Kewayensa a bushe yake, ƙura ce kawai. Jiƙewar daga sama ta faro, daga wani baƙin akwati da ke ƙarƙashin wurin zama, ta gangaro ta wani ɗan tiyo, ta bi ƙarfe har kan taya.

Ya roƙi Sufeto a fito da Bakanike. Mutumin ya zo yana ɗingishi, ya kafe babur a ƙafar tsakiya, ya zaro geji, ya goge a rigarsa, ya tsoma, ya ɗaga. Man ya wuce layin sama, ya haura har kusa da wuyan murfin.

Bakanike ya sake gogewa, ya sake tsomawa. Haka dai.

"Bayan duk wanda ya zuba a hanya?" ya ce. "Wannan ba zubina ba ne."

"Idan mai ya yi yawa, me yake yi?" in ji Sufeto.

"Injin ya dinga kaɗa shi, Yallaɓai, ya yi kumfa. In ya ɗauki zafi sai ya rasa wurin zama, ya biyo wannan tiyon da injin ke numfashi ta cikinsa, ya cika akwatin iska, ya zubo. Ƙasansa kuwa taya ce." Ya dubi gejin. "Ba a kwance masa komai ba. Ƙara masa aka yi."

Sufeto ya dafe ƙugu. "Wanda ya san wannan dabarar mugu ne na gaske. Kisa ba tare da an taɓa noti ba."



"Ina babur ɗin ke kwana?" in ji Mai-Sawu.

*

Gidan cike yake da masu gaisuwa. Ya zagaya ta baya, ya yi sallama a ƙofar ɗakin matar Auta. Yarinya ce ƙarama, da cikin da ya fara fitowa. Tana zaune a bakin gado, hular kwanon mijinta a kan cinyarta. Ranar bai sa ta ba. Ba ta kuka. Ta gaishe shi kamar yadda ta saba, har tana tambayar ƙafarsa mai ciwo.

"Ɗiyata, a ina yake ajiye babur?"

"A lungun gefe, Kawu, ƙarƙashin kwano."

"Ƙafar tsakiya yake kafe shi ko ta gefe?"

Ta yi tunani. "Ta gefe. Lungun ya matse, babu wurin da zai tsaya ya ja shi baya."

"Wani ya shiga can tun jiya?"

"Me za a shiga yi? Babu komai a ciki yanzu."

Lungun siriri ne, tsakanin bangon gida da katanga, ƙasarsa turɓaya mai laushi da ba ruwa ke taɓawa. Mai-Sawu ya tsaya a bakinsa bai shiga ba. Ga sawun taya, shiga da fita. Ga ramin da ƙafar gefe ta yi, a hagu. Inda cikin injin ya kwana babu tabon mai ko kaɗan. Ga sawun takalman Auta. Na Gajere babu.

A dama, daidai inda murfin mai yake, akwai wurin da gwiwa ɗaya ta dafa ƙasa, ta daɗe. Kusa da shi zoben gindin galan, an ajiye, an ɗaga, an sake ajiyewa ɗan nesa kaɗan. Ɗigo biyu na sabon mai. Sai wani ɗan rami zagayayye, mai zurfi, inda mutum ya tattara nauyinsa a kan abu ɗaya don ya miƙe. Bakin sanda ne mai roba, robar ta cinye ta gefe guda.

Ya san wannan sandar. Shi ya sa mata robar da hannunsa, daga tsohuwar taya.

A can ƙarshen lungun, kan wani bulo, galan na zaune kusa da injin wutar gidan, da mazurarin da aka yanka daga gorar ruwa, da tsumma a ninke tsaf. Ba a ɓoye komai ba.

Mai-Sawu ya daɗe a tsaye. Kaji na tone-tone a bayan katanga. Ya lura yunwa yake ji, ya kuma lura cewa bai kamata a ce ita yake ji ba.

*

Ya so ya keɓe da tsohon, su biyu. Bai samu ba. Baba Direba na zaune a tsakar gida, mutane a kewaye da shi, wani na tashi wani na zama. Kafin azahar kuma Yaya ya tara matasa a bakin layi, an ga jarkar fetur a hannun ɗayansu, ana maganar gareji da ɗakin Gajere. Matar Bakanike ta kwashe 'ya'yanta ta gudu gidan iyayenta.

"Ba zan iya tsare gari da mutanen da nake da su ba," in ji Sufeto. "In kana da magana, yau za a yi ta."

"A yi ta a bayan ofishinka. Ban da jama'a."

Da la'asar suka hallara a farfajiyar bayan ofis: Sufeto, Bakanike, Gajere, Yaya da biyu daga cikin masu kai saƙo. Mai-Sawu bai kira Baba Direba ba. Yaya ne ya zo da shi, ya ce dole uba ya ga fuskar wanda ya kashe masa ɗa. Aka ba tsohon kujera, ya zauna, sanda a tsakanin gwiwoyinsa.

Mai-Sawu ya yi magana a hankali, yana kallon ƙasa. Ya ce notin a ɗaure yake, kowa ya zo ya taɓa. Yaya ya durƙusa ya taɓa. Ya ce Gajere bai shiga inda babur ke kwana ba. Sannan ya sa Bakanike ya kawo kwano ya kwance notin. Mai ya zubo, ya yi ta zuba. Aka juye shi a gorar da babu komai, irin wadda Auta ya saya, ta cika, ga saura a kwano.

"Gora ɗaya injin ke ci," in ji Mai-Sawu. "Wannan ragowa ce, bayan wanda ya zube a hanya. Man yawa ya yi, ya taso ta sama, ya jiƙa taya."

"To wa ya zuba da yawan?" Yaya ya nuna Bakanike. "Ba shi ya yi juyen ba?"

"Da shi ne, da gora biyu aka saya. Mai shagon mai ya ce ɗaya ya sayar wa Auta."

"To wane ne?"

Mai-Sawu ya ce wa Bakanike ya ɗaure notin, ya mayar da gora ɗaya cif. Ya yi. Ya jira man ya kwanta, ya tsoma geji, ya zagaya da shi kowa ya gani: tsakanin layi da layi.

"Yanzu sauke shi, ka jingina shi a ƙafar gefe."

Babur ya karkata hagu. Bakanike ya goge gejin, ya tsoma, ya zaro, ya ɗaga. A bushe. Ko bakin tsinken man bai taɓa ba.

"Man na nan," in ji Bakanike. "Ya gangara ɗaya gefen ne. Duk wanda ya duba a haka zai ce babu mai a ciki."

Mai-Sawu ya yi niyyar tsayawa a nan. Ya shirya ya ce wani ne ya duba a karkace, ya ƙara da kyakkyawar niyya, ba kisa ba ne, a bar maganar haka, sauran kuma ya gaya wa Sufeto a ɗaki. Amma kujera ta motsa. Baba Direba ya dogara da sanda ya miƙe, ya tako har gaban babur, ya miƙa hannu.

"Ba ni."

Bakanike ya ba shi gejin. Tsohon ya kai shi kusa da idonsa, ya juya shi a haske.

"Haka na gan shi," ya ce.

Ya juya wurin Bakanike.

"Tayar da shi tsaye."

Bakanike ya kafe babur a ƙafar tsakiya. Tsohon da kansa ya sa gwiwa ɗaya a ƙasa, ya goge gejin da bakin rigarsa, ya tsoma, ya zaro. Mai ya hau tsakanin layukan biyu, yana sheƙi. Ya daɗe yana kallonsa.

"Mota ba ta jingina," ya ce. Muryarsa ba ta rawa, kamar mai ba da labarin hanya. "Duk rayuwata ban taɓa tayar da mota ban duba mai ba. Na ji ya ce ya yi juye, na ce bari in gani, yaran yanzu ba sa dubawa. Na ga a bushe. Na ce wannan bakaniken ya cuci yarona, zai ƙona masa injin a hanya. Na ɗauko na injin wuta na zuba. Na duba, bai taɓa ba. Na ƙara. Sai da ya hau layin sama na rufe." Ya ɗaga kai. "Ban gaya masa ba. Ba ya son ina durƙusawa, saboda gwiwata."

"Baba," in ji Yaya. Ya ja da baya har bayansa ya taɓa bango, ya sulale ya zauna a ƙasa.

Gajere ya rufe fuska da hannuwansa. Ɗaya daga cikin masu kai saƙon ya fita da sauri. Daga baya aka ji shi ne ya je ya karɓe jarkar fetur.

Tsohon ya yi ƙoƙarin miƙewa, ya kasa. Bakanike ne ya fi kusa, shi ya kama shi ta hammata ya ɗaga shi. Baba Direba ya dubi kumburarren idon mutumin, da fasasshen leɓensa.

"Ni na ja maka wannan, ɗana."

"Ba komai, Baba."

"Da komai." Ya juya wurin Sufeto, ya miƙa hannuwansa biyu, gejin na cikin ɗaya. "Yallaɓai, ɗakin da ka sa shi, sa ni."

Sufeto ya karɓi gejin, ya mayar da shi a bakin injin, ya murɗa.

"Hatsari ne, Baba. Haka zan rubuta. Ka tafi gida."

"Ina ne gida?"

Sufeto ya dubi Mai-Sawu.

*

Su biyu suka fito. Yaya ya tsaya a baya, ya ce sai ya raka Bakanike har ƙofar garejinsa, a gan su tare. Rana ta yi sanyi, masu shaguna na yayyafa ruwa a gaban ƙofofinsu, yara na dawowa daga makaranta. Wani ya gaishe su daga tsallaken titi, suka amsa tare. Tsohon na tafiya a hankali, Mai-Sawu ya rage nasa takun.

Sun wuce shagon mai walda, sun wuce famfon layi. Sai da suka hango ƙofar gidan, da takalman masu gaisuwa jere a bakinta, Baba Direba ya tsaya.

"Tun yaushe ka sani?"

"Da safe."

"Da ban zo ba, za ka gaya mini?"

"Ban sani ba."

Tsohon ya gyaɗa kai.

"Kai ka ga wurin da ya faɗi. Ƙasa ba ta yi maka ƙarya, kai ma ba ka taɓa yi mini ba. Ya sha wuya?"

Mai-Sawu ya ga wurin. A ƙarƙashin gadar, inda masu kallo ba su sauka ba, ya ga inda yaron ya faɗi, da inda aka tsince shi, ba wuri ɗaya ba ne. Tsakaninsu akwai sawun tafin hannu da na gwiwar hannu, da jan jiki a kan yashi, ya nufi sama wajen titi, ya huta, ya sake ja, ya huta. Ko Sufeto bai nuna wa ba.

"Nan take ne," ya ce. "Ko sanin ya faɗi bai yi ba."

Baba Direba ya dube shi. Ya daɗe yana dubansa. Sannan ya gyara riƙon sandarsa.

"To," ya ce. "Zo ka tsaya kusa da ni. Yarinyar nan zan gaya wa, ba na so ta ji a bakin wani."

Suka cire takalmansu a bakin ƙofa, suka shiga.